Mutum-mutumin Martin Luther a Worms: ranar da tagulla ta zaɓa, da ranakun da ta bari

A tsakiyar birnin Worms da ke gaɓar kogin Rhine a ƙasar Jamus, akwai wani dandamalin dutse da aka yi wa siffar ganuwa, ɗauke da mutum-mutumi goma sha biyu na tagulla. Wanda ke tsakiya, sama da kowa, shi ne Martin Luther, malamin Kirista da ya ɓalle daga cocin Katolika ya zama tushen tafarkin Furotesta. Ya ɗaga kai, Littafi Mai Tsarki yana hannunsa na hagu, ya dunƙule na dama ya ɗora a kan littafin. A ƙarƙashin ƙafafunsa an rubuta da Jamusanci: "A nan na tsaya, ba ni da wata mafita. Allah ya taimake ni. Amin." An buɗe wurin ranar 25 ga Yuni 1868 a gaban Sarkin Prussia, Wilhelm na Ɗaya. Mai sassaƙa Ernst Rietschel ne ya tsara aikin, amma rai ya yi halinsa a 1861, sai almajiransa suka ƙarasa. Ba wanda ke yi wa wannan tagulla sujada ko roƙonta wani abu. Abin tunawa ne a filin gari, yara na wasa a gefensa, baƙi na ɗaukar hoto.

Mutum-mutumi irin wannan kirari ne da aka zuba da ƙarfe. Maroƙi ba lallai ya yi ƙarya ba, amma yana zaɓen abin da zai faɗa, kuma ya san wanda zai ba shi tukuici. Don haka mai son fahimtar abin da ke tsaye a Worms sai ya yi tambaya uku: wace rana aka zaɓa daga rayuwar mutumin, su wa suka zaɓa, kuma me suka bari a ƙasa.

An haifi Luther a Eisleben ranar 10 ga Nuwamba 1483. Mahaifinsa yana sana'ar haƙo jan ƙarfe da narka shi a Mansfeld, burinsa ɗan ya zama lauya. A 1505 yaron ya watsar da karatun shari'a ya shiga gidan zuhudu na ɗarikar Augustine a Erfurt, daga baya ya zama malamin tauhidi a sabuwar jami'ar Wittenberg. Damuwarsa ta farko ba siyasa ba ce. Tsoron hukuncin Allah ne ya hana shi sakat. Ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, ya yi ta furta zunubansa ga limami, zuciyarsa ba ta kwanta ba, har sai da ya kai ga fahimtar da ta zama ginshiƙin koyarwarsa: mutum ba ya sayen yardar Allah da ayyukansa, kyauta ce da ake karɓa ta wurin bangaskiya.

Ana cikin haka sai ga wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a garuruwan da ke kusa yana sayar da takardun sassauci. A koyarwar Katolika, takardar ba ta wanke zunubi, tana rage horon da ya rage wa wanda ya riga ya tuba. Amma a bakin masu talla ta koma kamar tikitin fitar da iyayen mutum daga azaba da zarar kuɗi ya faɗa akwati. Wani kaso na kuɗin yana tafiya ginin cocin Bitrus a birnin Rum, wani kason kuma yana biyan bashin da Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci a hannun attajiran gidan Fugger don ya samu muƙaminsa. Ranar 31 ga Oktoba 1517 Luther ya aika wa Albrecht wasiƙa haɗe da batutuwa 95 da yake so malamai su yi muhawara a kansu. Na'urar ɗab'i, wadda Gutenberg ya ƙirƙiro a Mainz shekaru sittin da 'yan kai kafin nan, ta ɗauki maganar ta watsa. Fafaroma Leo na Goma ya ba shi wa'adi ya janye, ya ƙona takardar wa'adin a bainar jama'a a watan Disamba 1520, aka kore shi daga coci ranar 3 ga Janairu 1521.

Abin da ya kai shi Worms ke nan. Majalisar daular da ta haɗa ƙasashen Jamus tana zama a can, ƙarƙashin Sarki Charles na Biyar, saurayi ɗan shekara 21 wanda mulkinsa ya haɗa da Sifaniya da Netherlands da sassan Italiya. Ranar 17 ga Afrilu aka shigo da Luther, aka nuna masa tarin littattafai a kan tebur, aka tambaye shi ko nasa ne, kuma ko zai janye abin da ke ciki. Ya amsa cewa nasa ne, da murya ƙasa-ƙasa, ya roƙi a ba shi lokaci ya yi tunani. Washegari ya dawo ya ce muddin ba a gamsar da shi da Nassi ko da hujja bayyananna ba, ba zai janye ba, domin bai dogara ga Fafaroma ko majalisun coci kaɗai ba tunda sun sha yin kuskure suna saɓa wa juna. Lamirinsa kamamme ne a hannun Maganar Allah, kuma saɓa wa lamiri ba daidai ba ne, ba kuma tsira a cikinsa.

Kada a raina wannan tsayuwa. Luther ya san abin da ya sami Jan Hus, malamin birnin Prague, wanda shi ma aka ba shi takardar aman ya je Konstanz, amma aka ƙona shi da rai a 1415. Mutum ɗaya da ba shi da soja ko sarauta ya dubi sarkin da ya fi kowa iko a Turai ya ce a'a. Wannan ya faru, kuma ya cancanci tunawa. Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana da hujjarsa. Kashegarin jawabin Luther, Charles ya rubuta amsa da hannunsa, yana cewa ɗan zuhudu guda da ya saɓa wa abin da Kiristoci suka tafi a kai sama da shekara dubu, shi ne mai kuskure. Tambayar da ke tsakaninsu, wato wa ke da iko na ƙarshe wajen fassara Nassi, taron magabata ko mai karatu da hujjarsa, tambaya ce da duk al'ummar da ke da littafi ta san nauyinta.

To, a nan maroƙi ya fara gyara zance. Kalmomin nan da aka fi sani, "A nan na tsaya, ba ni da wata mafita", ba sa cikin bayanan farko na waɗanda suka rubuta abin da aka faɗa a zauren. A bugun da ya fito daga Wittenberg daga baya suka bayyana. Rigar ma ba ta ranar ba ce. A 1521 Luther ramammen ɗan zuhudu ne mai askin tsakar ka, kamar yadda abokinsa Lucas Cranach ya zana shi a 1520. Wanda Rietschel ya ƙera kuwa ƙaƙƙarfan dattijo ne cikin doguwar rigar mai wa'azi, wato Luther na shekarun baya, wanda ya riga ya zama uban coci. Hatta wurin ba shi ba ne: fadar bishop inda aka yi zaman ta rushe a 1689 lokacin da sojojin Faransa suka ƙona birnin, yanzu lambu ne a kusa da babban cocin garin.

Mutane huɗun da ke zaune a gindin ƙafafunsa an sa su ne a matsayin waɗanda suka share masa hanya: Peter Waldo, attajirin Lyon da ya rabar da dukiyarsa a ƙarni na 12, John Wycliffe na Ingila, wanda aka tono ƙasusuwansa aka ƙona a 1428, Hus, da Girolamo Savonarola na Florence, wanda aka rataye aka ƙona a 1498. Wannan jeri yana nuna kamar duk tarihin Turai yana gangarowa ne zuwa ga mutum ɗaya. Amma Savonarola ɗan zuhudun Katolika ne har ya mutu. Haka Johannes Reuchlin, masanin Ibrananci da ke tsaye a kusurwar baya daura da Philipp Melanchthon, abokin aikin Luther, bai taɓa bin Luther ba. Su kuwa Zwingli da Calvin, waɗanda miliyoyin 'yan Furotesta ke bin tafarkinsu, ƙaramin hoton fuska kawai aka ba su a jikin ginshiƙi.

A kusurwoyin gaba, inda ido ke fara sauka, sarakuna biyu ne riƙe da takubba. Frederick mai mulkin Saxony shi ne ya shirya a tare Luther a hanyarsa ta komawa gida, a yi kamar an sace shi, a ɓoye shi a fadar Wartburg kafin dokar da ta halatta jininsa ta fito a watan Mayu. Ɗayan shi ne Philip na Hesse. Ba don irin waɗannan sarakuna ba, da Luther ya bi sahun Hus. Amma kariyar sarki ba ta zuwa kyauta. Cocin da ya fita daga hannun Fafaroma ya faɗa hannun masu mulki, har yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta tabbatar cewa sarkin kowace ƙasa shi ke zaɓen ɗarikar da talakawansa za su bi, wanda bai yarda ba sai ya yi ƙaura. Mata uku da ke zaune a tsakanin mazan suna wakiltar birane uku ne. Speyer ita ce inda wasu sarakuna da garuruwa suka bayyana ƙin amincewarsu da hukuncin majalisa a 1529, daga nan sunan Furotesta, wato masu ƙin amincewa, ya samo asali. Augsburg tana riƙe da reshen dabino na sulhu. Magdeburg kuwa ta sunkuyar da kai da karyayyen takobi, domin a 1631, cikin yaƙin shekara talatin, sojojin ɓangaren Katolika sun hallaka mutane kusan 20,000 a cikinta. Wannan matar ita ce mafi gaskiya a dandamalin, ko da yake kukan ɓangare ɗaya kawai take yi, alhali yaƙin ya ci kowa.

Su wa suka biya maroƙi? Ƙungiyar da ta tara kuɗin ta kafu ne a 1856, gudummawa ta zo daga ƙasashe da yawa. Amma a lura da shekarar buɗewa. A 1866 Prussia mai rinjayen Furotesta ta ci Austria ta Katolika da yaƙi, a 1871 Wilhelm ɗin nan da ya halarci bikin ya zama sarkin haɗaɗɗiyar Jamus, ba da jimawa ba kuma shugaban gwamnatinsa, Bismarck, ya shiga takun saƙa da cocin Katolika. Masu kishin ƙasa na wancan zamani suna buƙatar gwarzo Bajamushe da ya tsaya wa Rum, sai suka same shi a Luther. Suka kuma ɗora masa wata riga ta biyu, ta uban 'yancin tunani. Shi kuwa bai ce lamirinsa yana da 'yanci ba, cewa ya yi kamamme ne. Kuma da wasu suka zo da nasu lamirin, kamar 'yan Anabaptist masu ƙin yi wa jarirai baftisma, ya amince da shawarar da Melanchthon ya rubuta cewa hukuma na iya kashe su. Sai a 2010, a Stuttgart, tarayyar cocin Lutheran ta duniya ta nemi gafarar jikokinsu, 'yan Mennonite.

Littafin da ke hannunsa, wannan kam ya ci guminsa. A ɓoye a Wartburg, cikin mako kusan goma sha ɗaya, ya fassara Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa Jamusanci, aka buga a watan Satumba 1522, kwafin farko suka ƙare kafin shekara ta fita. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1534. Ba shi ne na farko da ya fassara ba, amma shi ne ya sa littafin ya yi magana kamar mutanen gari. Ya ce mai fassara ya tambayi uwa a cikin gida, da yara a kan titi, da talaka a kasuwa, ya dubi bakinsu ya ga yadda suke magana. Jamusancin da ake rubutawa yau yana bin wannan aiki bashi mai yawa. Ya kuma rubuta wa hukumomin garuruwa a 1524 cewa su buɗe makarantu don yara maza da mata, ya tsara waƙoƙin da jama'a za su rera da harshensu, ya auri Katharina von Bora a 1525 ya mai da auren limami abu na yau da kullum. Ita Katharina, wadda ta riƙe gidan da gona da ɗakunan ɗalibai, ba ta samu mutum-mutumi cikin goma sha biyun nan ba.

Manoma ma ba su samu ba. A 1525 talakawan karkara a kudanci da tsakiyar Jamus suka tashi, suka rubuta buƙatu goma sha biyu a Memmingen: su zaɓi limaminsu, a daina riƙe su kamar bayi, a bar su su yi itace da kamun kifi, a rage aikin tilas. Da ayoyi suka kafa hujja, daga littafin da Luther ya sa a hannunsu. Da farko ya yi adalci, ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, ya faɗa wa sarakuna cewa zaluncinsu ne ya jawo fitina. Amma da tarzoma ta yi ƙamari, sai ya fitar da wata ƙasida yana kiran masu mulki su sare, su soke, su kashe 'yan tawaye kamar yadda ake kashe mahaukacin kare. Ranar 15 ga Mayu aka yi wa dubban manoma yankan rago a Frankenhausen, kuma Philip na Hesse, mai takobin nan na kusurwar gaba, yana cikin jagororin rundunar. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka mutu a rikicin baki ɗaya tsakanin 70,000 da 100,000. Sarakunan ba su jira izinin Luther ba, amma ya ba su albarkar malami a lokacin da talakawa suka fi bukatar mai cewa a sassauta.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne maganar Yahudawa. A 1523 Luther ya rubuta cewa Yesu Bayahude aka haife shi, ya soki yadda Kiristoci ke wulaƙanta Yahudawa, yana sa ran in an kyautata musu za su karɓi Kiristanci. Da shekaru suka wuce ba su karɓa ba, sai zuciyarsa ta juya. A 1543 ya fitar da littafi yana ba masu mulki shawara su ƙona majami'un Yahudawa, su rushe gidajensu, su ƙwace littattafan addu'arsu, su hana malamansu koyarwa, su kore su daga ƙasa. Ba suɓutar baki ba ce, littafi ne mai tsawo da dattijo ya zauna ya rubuta. Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa Reuchlin, wanda ke tsaye a bayansa a dandamalin, ya yi suna ne saboda ya ƙi yarda a ƙona littattafan Yahudawa wajen shekara ta 1510, har aka kai shi gaban shari'ar coci a kan haka.

Worms kuwa tana cikin tsofaffin garuruwan Yahudawa a Turai. An gina majami'arsu ta farko a 1034, shahararren malaminsu Rashi ya yi karatu a can, maƙabartarsu da ke tafiyar 'yan mintuna daga mutum-mutumin tana da kaburbura tun ƙarni na 11. A watan Nuwamba 1938, daren 9 wayewar 10, 'yan Nazi suka cinna wa majami'u wuta a faɗin Jamus, ta Worms na ciki. Wani bishop na cocin Furotesta a Thuringia, Martin Sasse, ya tattara kalaman Luther a kan Yahudawa ya buga, yana murna cewa majami'u na ci da wuta a ranar haihuwar Luther. Ba daidai ba ne a ce Luther ne ya haifi Hitler. Ƙiyayyar 'yan Nazi ta jinsi ce, tasa ta addini ce, kuma shekara ɗari huɗu na tsakani. Amma ya bar makami a ajiye, da sa hannunsa a jiki, masu kisa suka zo suka ɗauka. Cocin Lutheran na Amurka a 1994, da majalisar cocin Furotesta ta Jamus a 2015, sun fito fili sun nesanta kansu daga waɗannan rubuce-rubuce. Sun makara, amma sun yi abin da ya wajaba.

Game da Musulunci ma bakinsa bai yi laushi ba. A zamaninsa rundunar Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kewaye Vienna a 1529, ya ɗauki Turkawa a matsayin bulalar da Allah ke horon Kiristoci da ita, ya kuma soki addininsu da kakkausan harshe. Duk da haka, da hukumar birnin Basel ta kama mai ɗab'in da ke buga fassarar Alƙur'ani da Latin, Luther ya rubuta musu cewa su bari a fitar, har ya yi wa bugun gabatarwa, ya fito a 1543. Niyyarsa a karanta ne don a yi raddi, ba don ƙauna ba. Wani abin lura kuma, barazanar Turkawa ita ce ta ɗaure wa Charles hannu shekara da shekaru, domin yana bukatar sojoji da kuɗin sarakunan da ke bin Luther, bai samu sukunin murƙushe su da wuri ba.

Ni a ganina rushe mutum-mutumin ba zai gyara komai ba, kuma tsayuwar 18 ga Afrilu ba ta zama ƙarya don abin da ya biyo baya. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a bar tagulla ta yi magana ita kaɗai. Shi kansa Luther ya roƙi mutane a 1522 kada su kira kansu da sunansa, ya ce koyarwar ba tasa ba ce, ba shi aka gicciye domin kowa ba. Masu binsa ba su ji ba, sunan ya zauna, siffar da Rietschel ya ƙera kuma aka yi ta kwaikwayonta, har a birnin Washington akwai kwafinta tun 1884.

Sunan ya iso har bakin kogin Binuwai. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Denmark, Niels Brønnum, ya sauka a Numan cikin ƙasar Bachama, aikin da ya fara ya zama cocin Lutheran da ke da hedikwata a can, mai mabiya a Adamawa da Taraba da sauran jihohin arewa, inda ake wa'azi da waƙa da Hausa da harsunan yankin. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito a 1932, ba 'yan Lutheran kaɗai suka yi shi ba, amma ra'ayin da ke bayansa, cewa kowa ya ji Nassi da harshen uwarsa, daga waccan jijiya ya fito. Yau cocin Mekane Yesus na Habasha, mai mabiya sama da miliyan goma, ya fi kowane coci girma a tarayyar Lutheran ta duniya. A watan Mayu 2017, shekarar da aka cika shekara 500 da batutuwa 95, wakilan tarayyar suka taru a Windhoek ta Namibiya suka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na Numan ya shugabance su, ɗan Afirka na biyu da ya riƙe kujerar bayan Josiah Kibira na Tanzaniya. A ƙarƙashinsa aka yi babban taron 2023 a birnin Kraków na Poland, inda wakilai suka ware yini suka ziyarci sansanin Auschwitz, kafin ya miƙa ragama ga Bishop Henrik Stubkjær na Denmark.